Linux Mint bayan Windows 10: me zai iya yi maka, a ina kuma zai ba ka wahala?

Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, tambaya ɗaya ce ke ta yawo tsakanin masu tsofaffin kwamfutoci: in ajiye na'urata da ke aiki lafiya lau in nemo kuɗin sabuwa, ko in saka mata wannan Linux Mint ɗin da ake ta zuzutawa? Idan ka bi amsoshin da ake bayarwa sai ka ga mutane sun kasu biyu, wasu su ce ai Linux abin 'yan kutse ne da masu rubuta kod, baƙin allo kawai za ka zauna kana kallo kana buga umarni, wasu kuma su ce maka goge Windows ɗin nan yau-yau, wallahi ba za ka rasa komai ba. Duka biyun ba gaskiya ba ne, amma a ganina na biyun ya fi cutarwa, don shi ne ke sa bawan Allah ya share kwamfutarsa da daddare, gari ya waye ya tarar manhajar da yake neman abinci da ita ba ta buɗewa.

Me ya taso da maganar a yanzu

Daina kulawa ba yana nufin Windows 10 zai mutu a kwamfutarka ba ne, zai ci gaba da tashi yana aiki kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da ake turowa duk wata, wato duk wata ɓaraka da aka gano daga nan gaba haka za ta zauna a buɗe, kuma masu kutse sun san da haka. Microsoft ya ba masu amfani na gida damar ƙarin shekara ɗaya zuwa Oktoba 2026 idan mutum ya yi rajistar shirin, amma wannan jinkiri ne kawai.

To me ya hana kowa ya koma Windows 11? Sharuɗɗansa. Yana buƙatar wani ɗan guntun na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a hukumance bai karɓar mafi yawan furosesa na Intel da suka girmi zubi na 8, wato kusan duk abin da aka ƙera kafin ƙarshen 2017. Sai ka ga laftof mai RAM 8GB, tana gudu tsaf, amma an ce ba ta cancanta ba. Akwai dabarun da ake bi a tsallake sharuɗɗan a saka shi da ƙarfi, sai dai kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alhakin irin waɗannan na'urorin ba. Wannan ne ya sa mutanen da ba su taɓa tunanin Linux ba suka fara leƙensa.

Wai menene Linux, menene kuma Mint

Linux asalinsa ba cikakken tsarin da kake gani a allo ba ne. Shi ne ɓangaren ciki da ake kira kanel, wanda ke haɗa manhajoji da ƙarfen kwamfutar, ya raba musu RAM, ya yi magana da kibod da wayfay da rumbun ajiya. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta shi a 1991 yana jami'ar Helsinki, aka haɗa shi da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya kafa a 1983. Lasisinsa ya ba kowa damar ya duba kod ɗin, ya gyara, ya raba wa wasu. Kuma kana amfani da shi ma ba ka sani ba, don wayar Android a kan kanel ɗin Linux take zaune, haka mafi yawan sabobin intanet, haka manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya dukkansu tun 2017.

Tunda kowa na iya ɗauka ya gina nasa, sai aka samu ɗaruruwan nau'o'i, kamar yadi ɗaya ne aka raba wa teloli daban-daban kowa ya ɗinka irin nasa. Debian ya fito a 1993. Ubuntu ya fito a 2004 a kan Debian, ƙarƙashin kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu. Sai a 2006 wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya ɗauki Ubuntu ya gina Linux Mint a kansa da niyyar mutum ya saka ya fara aiki nan take ba sai ya yi ta kwance-kwance ba. Yana zuwa kala uku, Cinnamon wanda shi ne babban, sai MATE da Xfce da suka fi sauƙin nauyi ga na'urar da ta tsufa sosai. Mint 22 da ya fito a Yulin 2024 an gina shi a kan Ubuntu 24.04 kuma za a ci gaba da turo masa gyaran tsaro har 2029.

Inda ya yi zarra

Abu na farko da zai kwantar wa mutum hankali shi ne fuskarsa. Maɓallin menu a ƙasa hagu, agogo a ƙasa dama, fayiloli a cikin folda, danna dama ka kwafa ka liƙa, duk wanda ya yi Windows 7 ko 10 ba zai ɓace ba. Wannan ba dace ba ne kawai, da gangan aka yi. A 2011 da GNOME, wato fuskar allon da Mint ke amfani da ita a lokacin, ya canja fasalinsa gaba ɗaya mutane da yawa suka yi ta ƙorafi, sai masu Mint suka ƙirƙiri Cinnamon don su riƙe tsarin da jama'a suka saba da shi, kuma har yau ba sa son canje-canjen ba-zata. Ni wannan halin nasu shi ne abin da na fi girmamawa a tare da su, don mai koyo ba ya buƙatar a riƙa ɗauke masa maɓalli daga inda ya bar shi jiya.

Na biyu sauƙin nauyi. A rubuce yana neman RAM 2GB da wuri 20GB, duk da sun ce 4GB ya fi daɗin aiki, kuma ba ruwansa da TPM. Amma a nan in ja kunne, don ana yawan yin ƙari: Mint ba ya mayar da tsohuwar na'ura sabuwa. Shi kansa ba ya cin RAM sosai, amma burawza tana ci, shafukan intanet na yanzu masu nauyi ne ko a kan me ka buɗe su, idan ka jera shafi goma sha a Chrome da RAM 2GB za ta yi ta maƙalewa ko Linux ne ko Windows. Wanda ya canja tsohon rumbun ajiya mai juyawa ya saka SSD sannan ya ɗora Mint, shi ne zai ga bambanci na gaske. Kuma tun daga Mint 20 a 2020 sun daina fitar da na na'urori masu 32-bit.

Sai maganar saka manhajoji. A Windows mun saba mutum ya shiga Google ya nemi abu, ya faɗa wani shafi mai maɓallan saukewa guda biyar bai san na gaskiyar ba, ya sauko da bairos tare da abin da yake so. A Mint akwai wurin manhajoji guda ɗaya a ciki, kamar Play Store na waya, ka rubuta suna ka danna ka saka kalmar sirri shike nan, kuma daga wuri ɗaya ake sabunta tsarin da manhajojin duka. Ba ya kashe maka kwamfuta da kansa kana tsakiyar aiki don wai zai yi ofdet, kai za ka zaɓi lokaci. Yana zuwa da Firefox da LibreOffice da Thunderbird a ciki, ba talla a menu, ba a tilasta maka buɗe asusu da wani kamfani kafin ka shiga kwamfutarka, ba maganar lasisi ko neman kirak. Chrome, VLC, Zoom, Telegram, Spotify, VS Code duk suna da na Linux.

Akwai kuma Timeshift, wanda ke ɗaukar hoton yadda tsarin yake ya ajiye, idan wani ofdet ya ɓata abu sai ka koma yadda kake jiya cikin 'yan mintuna. Ka dai sani ba ya ajiye hotunanka da takardunka sai ka saita shi, aikinsa kare tsarin ne, ajiyar fayilolinka aikinka ne.

Babbar matsalar: manhajar da kake cin abinci da ita

A nan ne ya kamata kowa ya tsaya ya yi wa kansa gaskiya. Fayil ɗin da ke ƙarewa da .exe na Windows ne, ba ya aiki a Linux kai tsaye. Babu Microsoft Office na sakawa a Linux, babu Photoshop ko Premiere ko Illustrator, babu AutoCAD, babu CorelDRAW na yanzu, babu iTunes, ko WhatsApp ma sai dai ka buɗe shi ta burawza. Wannan ba gazawar masu Mint ba ce, kamfanonin ne ba su yi ba, kuma dalilinsu lissafi ne: ƙididdigar StatCounter ta nuna Linux a kwamfutocin tebur da laftof bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 ba a 2024, to kamfani ya ga kasuwar ƙarama ce bai kashe kuɗi a kanta, su kuma mutane su ƙi zuwa saboda babu manhajar, abin ya yi ta zagayawa a wuri ɗaya.

Za a ce maka ai akwai madadin, kuma akwai ɗin: LibreOffice a wurin Office, GIMP da Krita a wurin Photoshop, Inkscape don zane, Kdenlive don haɗa bidiyo. Suna da kyau, wasu ma ƙwararru na aiki da su. Amma madadi ba kwafi ba ne. Idan wasiƙa kake rubutawa ko aikin makaranta ko ɗan lissafin shago a jadawali, LibreOffice ya ishe ka har ya yi saura. Matsalar tana fitowa ne idan kana musayar fayil da masu Word kullum, ka turo takarda mai teburori da hotuna ka ga layi ya goce shafi ya ƙaru, sau da yawa ma dalilin salon rubutu ne, don irin su Calibri mallakar Microsoft ne ba sa zuwa da Mint, sai an nemo Carlito mai faɗi iri ɗaya ya maye gurbinsa. Fayilolin Excel masu makro kuwa, wato 'yan umarnin da ake sakawa a ciki su riƙa yin aiki da kansu, su ne suka fi ba da ciwon kai, wasu su yi aiki wasu su ƙi. Ana iya amfani da Office ta burawza ko Google Docs, amma wannan na nufin sai da intanet, kuma na burawzar bai kai na sakawa cika ba.

Shi kuma wanda ya shekara da shekaru hannunsa ya saba da Photoshop, abokan cinikinsa na turo masa fayil ɗin PSD, injin buga aikinsa na jiran wani tsari na musamman, ce masa ya koma GIMP kamar ce masa ne ya sake koyon sana'ar alhali yana da aikin da zai miƙa gobe. Haka masu gyaran waya da kayan filashin ɗinsu yawanci na Windows ne, haka wasu manhajojin lissafin kuɗi na ofisoshi, haka wasu manhajojin sa ido a jarrabawar intanet da ba sa yarda da Linux sam. Akwai Wine da ke ƙoƙarin tafiyar da manhajojin Windows, akwai kuma saka Windows a cikin VirtualBox, manhajar da ke tayar da shi a cikin Mint ɗin, amma na farkon sa'a ce wani abu ya yi wani ya ƙi, na biyun kuma yana son RAM mai yawa, abin da tsohuwar na'ura ba ta da shi.

Wasanni kam an samu ci gaba sosai tun da kamfanin Valve, mai shagon wasanni na Steam, ya fito da Proton mai tafiyar da wasannin Windows a Linux a 2018 da na'urar Steam Deck a 2022, dubban wasannin Steam na tafiya yanzu. Sai dai irin su Fortnite da Valorant ba sa yi saboda manhajar hana maguɗi da suke amfani da ita.

Direbobi da kayan ƙarfe

Abin mamakin shi ne tsohuwar na'ura ta fi samun sauƙi. Direbobi da yawa, wato 'yan manhajojin da ke sa kowane kayan ƙarfe ya yi aiki, suna cikin kanel ɗin tun asali, ka saka Mint ka ga wayfay da sauti da kyamara duk sun tashi ba ka nemi komai ba, firintoci da yawa na zamani ma yana gano su da kansa. Amma idan ka yi rashin sa'a ka faɗa kan abin da kamfaninsa bai damu da Linux ba, kamar wasu katunan wayfay na Broadcom ko Realtek, ko na'urar karanta zanen yatsa, ko wata sikana, to nan fa za ka sha bincike. Katin hoto na NVIDIA yana buƙatar direban kamfanin, Mint yana da wurin saka shi da dannawa ɗaya, sai dai a wasu na'urorin Secure Boot, wani tsarin tsaro da ke aiki lokacin kunna kwamfuta, na kawo tangarɗa. Batiri ma a wasu laftof bai kai daɗewar da yake yi a Windows ba, saboda masu ƙera su da Windows suka auna komai.

Sabuwar na'ura fil kuma tana iya samun akasin haka. Mint yana bin nau'in Ubuntu da ake daɗewa ana kula da shi ne, wanda ke fitowa duk shekara biyu, don haka kayansa ba su ne na ƙarshe-ƙarshe ba, kuma wannan shi ne sirrin kwanciyar hankalinsa kuma shi ne rauninsa. Manhajar da ke cikin wurin manhajojinsa tana iya zama ta bara, ko da yake Flatpak, wata hanyar saka manhajoji da suka haɗa a ciki, ya rage wannan matsalar, illa dai fayilolinsa manya ne suna cin data da wuri. Haka kuma har yanzu yana dogara ne da tsohon tsarin nuna hoto na X11, sabon da ake kira Wayland sun fara gwajinsa ne a 21.3, shi ya sa masu allo biyu daban-daban ko allo mai tsananin kaifi wani lokacin ba sa jin daɗinsa kamar yadda za su ji a wasu nau'o'in Linux irin su Fedora ko Ubuntu.

Baƙin allon nan fa? Mai shiga intanet da rubuta takardu zai iya daɗewa bai buɗe shi ba. Amma ranar da abu ya lalace, amsar da za ka samu a intanet yawanci umarni ne da za a ce ka kwafa ka liƙa, kuma yawancin bayanan da Turanci suke. Kada ka liƙa umarnin da ya fara da sudo ba ka san me yake yi ba, don da shi kake ba da cikakken iko a kan na'urar.

Gaskiyar maganar tsaro

"Linux ba ya kamuwa da bairos" magana ce da ya kamata a daina faɗa. Gaskiya ne bairos ɗin Windows ba ya aiki a kansa, gaskiya ne masu kutse ba su cika ɓata lokaci kan 'yan kashi 4 ba, kuma tsarin neman kalmar sirri kafin a taɓa cikin tsarin yana taimakawa. Amma saƙon yaudara da ke sace kalmar sirrin banki ko ta Facebook ta burawza yake zuwa, bai damu da me ka saka ba. Mint ɗin kansa an taɓa yi masa: a ranar 20 ga Fabrairu 2016 masu kutse suka shiga shafinsa suka canja mahaɗin saukewa zuwa wani gurɓataccen kwafin Mint 17.3 mai ɓoyayyiyar ƙofa, suka kuma kwashi bayanan masu amfani da dandalinsa. Lefèbvre da kansa ya fito ya sanar nan da nan aka gyara, amma tun daga nan ake jaddada wa mutane su sauke daga shafin asali kuma su tantance fayil ɗin kafin su saka. Katangar tsaro ma tana nan a ciki amma a kashe take zuwa, kai za ka kunna.

Idan kyauta ne, wa ke riƙe da shi?

Ƙaramar tawaga ce, da gudummawar masu amfani da masu ɗaukar nauyi, kuma duk wata suna wallafa abin da aka tara. Amfanin wannan shi ne ba su da dalilin sayar da bayananka ko cusa maka talla, har ma sun taɓa bijire wa Canonical a 2020 suka toshe Snap, tsarinsa na saka manhajoji, saboda ba su yarda a saka wa mutum abu ta bayan fage ba. Illar kuma babu lambar da za ka kira, babu garanti, mai gyaran kwamfuta na kusa da kai ma wataƙila Windows kawai ya sani. Sannan rayuwar Mint a rataye take da Ubuntu, su ma sun san da haka shi ya sa suke riƙe da wani reshe mai suna LMDE a kan Debian kai tsaye, don ko ta-kwana.

Ko gwamnatoci sun ɗanɗana duka ɓangarorin. Birnin Munich na Jamus ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000 zuwa nasa nau'in Linux, sai a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows, kuma cikin ƙorafe-ƙorafen da aka yi akwai wahalar musayar takardu da sauran ofisoshi, ko da yake siyasa ma ta shiga ciki. A 2024 kuma jihar Schleswig-Holstein a Jamus ɗin dai ta sanar za ta kwashe kwamfutoci kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux don kada bayanan gwamnati su dogara da kamfanin waje. Su sun fara ne da canja manhajar ofis tukuna kafin tsarin gaba ɗaya, kuma wannan dabara ce da mutum ɗaya ma zai iya kwaikwaya: saka LibreOffice da GIMP a kan Windows ɗinka yanzu, don suna da na Windows, ka yi aikinka na gaske da su ka gani ko za ka iya.

To wa ya kamata ya saka?

Idan aikinka burawza ne, imel, YouTube, rubuta takardu, karatu, kallon bidiyo, koyon rubuta kod, kuma na'urarka ta faɗi sharaɗin Windows 11, ni ba na shakkar ce maka Mint ya fi maka alheri a kan zama da Windows 10 mara gyaran tsaro, ya kuma fi jefar da na'ura mai lafiya. Idan kuwa abincinka na rataye da Adobe ko AutoCAD ko Excel mai makro, kada kowa ya zuga ka, ka zauna a Windows ko ka ajiye duka biyun a na'ura ɗaya kana zaɓa lokacin kunnawa.

Kuma ba sai ka yi caca ba, don ana iya gwada shi ba tare da an taɓa rumbun ajiyarka ba. Ka sauke fayil ɗin Mint da ake kira ISO, ka rubuta shi a filash da Rufus ko balenaEtcher, ka tayar da kwamfutar daga filash ɗin, Mint zai buɗe cikakke, zai dai ɗan yi jinkiri tunda daga filash yake gudu. A nan ka gwada wayfay, sauti, kyamara, bulutut, firintarka, ka buɗe ainihin fayilolin aikinka ka ga yadda suka fito. Idan za ka saka ɗin, fara kwashe duk hotuna da takardunka zuwa wani rumbu na waje, idan Windows ɗinka na da BitLocker, wato makullin da ke kulle rumbun ajiya, ka nemo mabuɗinsa ka rubuta ka ajiye, sannan a wurin sakawa ka karanta zaɓin da kyau, don zaɓin da ya ce a share rumbun ajiyar gaba ɗaya da gaske yake share komai.